Tsohuwar Sienna: birki, shaf da fulogi, wanne zan iya gyarawa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Jega, ina da Toyota Sienna ƙirar 2005. Da ita nake zirga-zirga da iyali, wani lokaci kuma in ɗauko buhunan albasa daga Aliero. Matsaloli uku sun haɗe mini. Birki yana kuka, kuma sitiyari yana karkarwa in na taka. In na karya kwana ina jin ƙas-ƙas daga gaba. Sannan injin yana misin, fitilarsa tana ƙiftawa in na ba ta wuta. Kuɗin gareji sun yi mini nauyi, kuma ina da 'yan kayan aiki a gida. Zan iya yi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mafi yawan aikin nan za ka iya, in kana da haƙuri kuma kana da wanda zai kama maka. Amma kada ka sayi ko noti ɗaya kafin ka gwada ka tabbatar da abin da ya lalace. Kuɗin da masu tsofaffin motoci ke ƙonawa ba a ladan bakanike suka fi tafiya ba, a sayen kayan da lafiyarsu ƙalau ne aka cire aka yar. Duk matsalolin nan uku kowace tana da gwajin da ba sai ka sayi sabon kayan mota ba.

Birki ne farko, don shi rai ne. Injin ke bi masa, kuma har ka gyara shi ka daina matsa mata wuta. Shaf ya zo ƙarshe, shi yana iya ɗan jira.

Kafin ka kwance komai, maganar ɗaga mota. Nauyin Sienna ya kusa tan 2, ƙasarmu kuma yashi ce, jak yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. Ka nemi wurin da aka yi wa daɓen siminti, in babu ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe irin na gareji, ko gungumen itace mai ƙwari. Ban yarda da bulo ba ko kaɗan, yana fashewa lokaci guda ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Tayar da ka cire ka kwantar da ita a ƙarƙashin gefen motar. Birkin ajiya na wannan mota da ƙafa ake taka shi, kuma tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, don haka ka taka shi, ka kuma datse tayoyin bayan da duwatsu gaba da baya.

To, birki. Kukan iri biyu ne. In siriri ne mai tsini, akwai wani ɗan ƙarfe da aka maƙala a jikin fad, wato takalmin birki da ke matse faifan da ke juyawa da taya, don ya riƙa gogar faifai idan fad ya kusa ƙarewa, aikinsa ke nan ya yi. In kuwa gurnani ne kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, fad ya riga ya ƙare, faifan ake ci. Ka cire taya da sifana 21, ka kwance kusoshi biyu na bayan kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a kan faifai, da 14, ka zare ta ka rataye da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a tiyon mai, tiyon yana iya tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani.

Kada ka yi saurin jefar da tsofaffin fad, su ne za su faɗa maka gaskiya. Jera na ciki da na waje ka duba. In sun cinye daidai, tsufa ne kawai. In ɗaya ya kusa ƙarewa ɗaya na da sauran nama, ko ya cinye a karkace, to fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya cije. Wannan ciwo ne da ya yi yawa a nan: ƙurar hunturu ta busar da 'yar robar da ke rufe fil, ta tsage, damina ta zo ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. In ka sa sabon fad ba ka gyara wannan ba, cikin ɗan lokaci ka dawo gidan jiya. Zare fil ɗin biyu, ka goge su tas, ka shafa musu giris na birki mai silikon. Giris ɗin boris na yau da kullum yana kumbura roba, fil ɗin ya ƙara cijewa. Robar da ta yage a canza ta, ba ta da tsada.

Fistin ɗin kalifa kuma a mayar da shi ciki a hankali, ka ɗora tsohon fad a kai ka matse da kilam, wato matsin ƙarfe mai murɗawa. Ka buɗe murfin robar man birki kana dubawa, don man zai taso, kuma in ya zuba a jikin mota yana cin fenti. In fistin ya ƙi komawa duk da matsi, ko ka ga danshin mai a gefen robarsa, kalifar ce ke buƙatar gyara, nan ka tsaya ka kai ta gareji.

Karkarwar sitiyari ita ce ke buƙatar a bambance. In sai ka taka birki take zuwa, faifan gaba ne, kaurinsa ba ɗaya ba ne a zagaye. In kuwa tana zuwa a gudun kilomita 90 zuwa 110 ko ba ka taɓa birki ba, wannan balansin taya ne, kada ka sayi faifai. Tun motar na sama ka kama taya hagu da dama ka jijjiga, sannan sama da ƙasa. In akwai wasa, tayirod ko bol join ko boris ne, kuma su ma suna ƙara karkarwa. Shi faifan, a gefensa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai. A auna. In gogewa a injin za ta kai shi ƙasa da wannan lamba, a canza, kuma a canza biyun tare. Kusoshin gindin kalifa 17 ne. In faifan ya manne, akwai ramuka biyu masu zare a fuskarsa, ka ɗaura kusa mai kaurin milimita 8 a ciki, zai turo kansa ba sai da guduma ba. Kafin ka ɗora sabo, ka kankare tsatsar fuskar hob, wato inda faifai da taya ke zama, da sanfefa har ta yi sumul. 'Yar tsatsa kaɗan a nan ta isa ta karkata faifai, ka ga sabon kaya yana karkarwa bayan 'yan watanni ka ce jabu aka sayar maka.

Abu na biyu da ke ɓata faifai shi ne ɗaurin taya. Mai faci ya hau kan sifana da ƙafa ya yi tsalle a noti ɗaya, ya ɗaura na kusa da shi da hannu. Notin tayar Sienna awon ƙarfin ɗaurinsa Nm 103 ne, kuma a tsallake ake ɗaurawa, wannan sannan na ɗaya ɓangaren, ba a jere ba.

In ka gama haɗawa, kafin ka sa giya, ka taka feda sau da yawa har ta yi tauri. Takun farko fanko ne, kuma mutane sun sha shiga katangar gida saboda mantuwa da wannan. Sai ka nemi hanya mara cunkoso, ka kai kilomita 60, ka rage zuwa kamar 15 da taku mai ɗan ƙarfi, ka sake, kamar sau takwas, ba tare da ka tsaya cak ka danne feda ba. Haka fad ke zama a kan faifai.

Man birki kuwa, duba murfin, DOT 3 aka rubuta. DOT 4 ma yana shiga, DOT 5 ne ba ya haɗuwa da su. Wannan mai yana tsotsar danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa ma'auninsa yana sauka zuwa wajen 140. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu, da buhunan albasa a baya, da gangara irin ta wajen Zuru, sai ka ji feda ta tafi ƙasa ba riƙo. In man ya yi baƙi, a canza shi gaba ɗaya. Aikin mutum biyu ne: ɗaya na takawa ya riƙe, ɗaya na buɗe 'yar kusar fitar da iska ya rufe kafin a saki feda. A fara da tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu. Ka sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai har ƙasa, saboda a tsohuwar masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki, robar ciki tana yagewa in ta shiga inda ba ta saba zuwa ba. Kuma kada robar man ta ƙafe ana cikin aiki. In iska ta shiga akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, fitar da ita sai da na'ura.

Akwai abubuwa biyu da wasu direbobi ke yi waɗanda ba na so ko ka saurara. Zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da toshe bututun tayar da ke yoyo a ci gaba da tafiya da birki uku. Haka nan ko ɗigon baƙin mai ko man giya kada ya shiga robar nan, duk robobin birkin zai kumbura. In kuma ka danne feda a tsaye ka ji tana nutsewa sannu a hankali alhali babu yoyo a ko'ina, masta ce. Ita ma ta gareji ce.

Baya ba zan daɗe a kai ba. Wasu Sienna na wannan zubi diram gare su a baya, wasu faifai. In diram ne, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, ka gama gefe guda kafin ka buɗe ɗayan, ka ɗaga robar ƙaramar silindar ka ga ko akwai danshi. Ƙurar ciki a wanke ta, kada a hura da baki.

Sai injin. Taka ta 2005 injin 3MZ-FE gare ta, silinda 6, lita 3.3. Daga 2007 ne aka koma 2GR-FE mai lita 3.5. Ba ta da distirbuta, ba ta da wayoyin fulogi, kowane fulogi da nasa koyil mai ba shi wuta a kansa. Ƙiftawar fitilar nan ba ɗaya take da kamawarta tsaye ba. In tana ƙiftawa, kwamfutar motar tana gaya maka cewa wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa yana ƙonewa a kan indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. In aka ci gaba, indomin ya narke ya toshe, mota ta rasa ƙarfi, abin da koyil ɗaya zai gyara ya koma babban aiki.

Kada ka cire kan batir tukuna, don yin haka yana goge bayanin da muke nema. A ƙarƙashin sitiyari akwai wurin da ake soka na'urar karanta matsala. Masu wayarin da yawa a Birnin Kebbi suna da ita, akwai kuma ƙarama da ake haɗawa da waya. Lambar da ta fito ka rubuta da hannunka. P0301 zuwa P0306 suna nuna silindar da ke misin, lambar ƙarshe ita ce silindar. Uku na gaba, wajen lagireto, su ne 2, 4, 6, in ka fara ƙirga daga gefen fasinja. Uku na baya, wajen gilashi, su ne 1, 3, 5.

In sa'a ta sa a gaba ne, gwajin minti goma ne. A ce P0304 ta fito. Kwance kusa 10 da ke riƙe koyil na 4, ka musanya shi da na 2, a goge lambar, ka zaga gari ka dawo a sake karantawa. In ta koma P0302, ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a 4, ka musanya fulogi haka nan. In har yanzu tana 4, to ba wuta ba ce, ko nozul mai fesa fetur ne ko silindar ta rasa matsi, sai a auna a gareji. Wanda ya ce maka ka sayi koyil shida da fulogi shida kafin ya yi wannan gwaji, ko dai bai sani ba, ko dai yana da shago.

In kuwa P0300 ce, wato misin ɗin yana yawo, musamman in ta zo da P0171 ko P0174, ka bar koyil ya huta. Iska ta yi wa mai yawa. Ka duba babban tiyon roba da ke tsakanin gidan filtar iska da maƙogwaron injin, ka lanƙwasa shi ka leƙa cikin lungunansa, zafi yana tsaga shi a nan. Ka duba filtar kanta, da 'yar na'urar auna iska da ke kusa da ita, wadda ƙura ke lulluɓewa. Ita da abin fesawa nata na musamman ake wanke ta, ba a taɓa siraran wayoyinta da hannu ko tsumma. Ka kuma tambayi kanka inda ka sha mai kafin abin ya fara. Man 'yan bumburutu da ya kwana a jarka yana iya zuwa da ruwa ko datti, kuma yawo da tanki a ƙasa kullum yana gajiyar da famfon mai.

Wajen cire fulogi, injin ya huce sarai, don kan injin alminiyon ne, zarensa ba ya son wasa. Ka hure yashin da ke cikin ramin kafin ka kwance, in ba haka ba cikin silinda zai faɗa. Soket 16 mai tsawo ake sawa. In ka tarar da baƙin mai ya taru a ramin, robar murfin kan injin ce ke yoyo, kuma man nan ne ke kashe koyil. In ba a canza robar ba, sabon ma zai bi sahu. Wajen mayarwa ka fara ɗaurawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana ta ƙarasa kaɗan. In ya yi tauri tun zagayen farko, ka warware, ya hau a karkace.

Fulogin da aka yi wa wannan injin mai bakin iridiyom ne, Denso SK20R11 ko NGK IFR6A11, tazarar bakinsa milimita 1.1. Ba a kankare shi da sanfefa, ba a bubbuga bakinsa. Toyota ta ba shi mil 120,000, amma da irin manmu da ƙurarmu ni ba na jira ya kai nan. Matsalar ita ce jabunsa ya cika kasuwa, kwalin kamar na gaske. In ka ji farashin bai fi na fulogin janareta da yawa ba, araha ba ta ado. Ka saya a wurin wanda za ka iya komawa ka same shi gobe.

Uku na baya su ne aikin. Sai an ɗaga saman manifol, wato bututan da ke raba wa silindoji iska, kafin a kai gare su, kuma akwai kusoshin da ke bayansa waɗanda da lalube ake samunsu. Ba gagara ba ne, wuni ne guda. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, ka liƙa wa kowane tiyo alama. Da ka ɗaga manifol, ka cusa tsumma mai tsabta a ramukan da suka buɗe, don noti ɗaya in ya faɗa ciki sai an sauke kan injin. Ka tanadi sabon gasket tun kafin ka fara. Soket ɗin wayoyin sun shekara ashirin suna shan zafi, sun bushe, ka danna su a hankali. Kuma tunda ka sha wahalar buɗewa, ka canza fulogi ukun duka, ka sa koyil mafi inganci a baya, tsofaffin da ke da sauran rai ka dawo da su gaba inda canza su ba wuya. Amma fa kada ka buɗe nan sai lamba ta nuna 1, 3 ko 5, ko kuma lokacin canjin fulogi ya yi.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: injin nan bel ne ke juya taimin ɗinsa, ba sarƙa ba, kuma mil 90,000 aka ɗiba masa, kimanin kilomita 145,000. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka sa a duba. Wannan ba aikin gida ba ne ga mai koyo. Ka kuma hana masu wankin mota fesa wa injin ruwa da ƙarfi, ruwan yana sauka ramin fulogi.

Yanzu shaf, sandar da ke kai ƙarfin giya zuwa tayar gaba. Ka je fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali gaba, sannan da baya, hagu da dama, wani yana tsaye a waje yana saurare. Ƙas-ƙas mai bin juyin taya kan shaf ne na waje. In kuma jijjiga ce da ke zuwa in ka ba da wuta a miƙe, ta ɗauke in ka saki, kan ciki ne na wajen giya. Gunji mai ƙaruwa da gudu kuwa boris ne, ba ruwan shaf. Sai ka leƙa bayan taya. Inda ka ga baƙin giris ya fantsama a jikin wili da shokozoba, robar da ke rufe kan shaf ta wannan gefen ta yage.

Da roba ce kawai ta yage ba a fara jin ƙara ba, sai in ce a wanke kan, a cika sabon giris nasa mai baƙi, a sa sabuwar roba, shi ke nan. Amma da zarar yashi ya gauraya da giris ya zama kamar dutsen niƙa, kuma ƙarar da kake ji shaidar ya riga ya ci ƙarfe ce. Sabuwar roba ba ta mayar da abin da ya cinye. Zaɓinka uku: a canza kan waje kaɗai, ko shaf ɗan Baljiyam na asali, ko sabo mai araha. Ni na fi son na asali ɗan Baljiyam wanda robobinsa ke da rai kuma ba ya wasa in ka murɗa shi da hannu. Sababbin masu arha sau da yawa suna kawo jijjigar da babu ita a da. Ko a Birnin Kebbi za ka saya, ko Sakkwato, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a jera su: tsawo ɗaya, haƙoran bakin ciki da na waje a ƙirga, haƙoran zoben ABS ma a ƙirga. In na zoben suka bambanta, fitilar ABS za ta kama ta ƙi mutuwa.

Babban notin tsakiya soket 30 yake ci, mai lungu 12. An dandaƙe gefensa cikin wani rami a bakin shaf don kada ya warware, sai ka ɗaga wannan dandaƙin da siririn kurfi tukuna, in ba haka ba zaren zai lalace. Ka sassauta shi da dogon bututu wani yana danne birki. Cire 'yar na'urar ABS daga jikin hob ka ajiye gefe don kada wayarta ta tsinke. Ka kwance kan tayirod, da noti biyu da kusa ɗaya da ke haɗa bol join da hannun ƙasa, sai hob ya buɗe waje. In shaf ya ƙi fita daga hob, ka mayar da tsohon noti daidai bakinsa, ka ɗora katako, sannan ka buga. Daga wajen giya kuma ba a jan sandar, kan ciki zai rabu biyu a hannunka. Taya liba ake sawa a bayan kofin ciki a ɓalle shi da bugu ɗaya. Ka ajiye roba a ƙasa, man giya zai zuba. Sil ɗin da ke bakin giya ka canza shi tunda ga shi a fili.

Na hagu gajere ne, wannan za ka iya. Na dama dogo ne, yana ratsa wani boris da ke zaune cikin mariƙin ƙarfe a bayan injin, an kulle shi da zoben ƙarfe da kusa ɗaya. A tsohuwar mota tsatsa tana haɗe boris ɗin da mariƙin har su zama abu ɗaya, kuma ko mu da muke da rami da kayan aiki yakan cinye mana wuni. In na dama ne, ka fesa masa man sassauta tsatsa tun kwana biyu kafin aiki, ka gwada. In ya ƙi motsi, ka mayar da komai ka kai gareji, kada ka yi ta dukansa a kwance a ƙasa mota na bisa kanka. In kuma taka mai jan ƙafa huɗu ce, gefen dama ka bar shi gaba ɗaya.

Wajen sa sabo, bakin ɗan zoben da ke ƙarshen shaf ya kalli ƙasa, ka tura da ƙarfi har ka ji ya faɗa, sannan ka ja kofin da hannu ka tabbatar ya kama. Notin tsakiya sabo ake sawa, awonsa Nm 294. In ba ka da sifanar awo, ga lissafi irin naku na malamai: mutum mai nauyin kilo 60 in ya tsaya da dukan nauyinsa a kan bututun da ke kwance, rabin mita daga tsakiyar noti, ba tsalle, ya ba da kusan 294 ɗin. In nauyinka kilo 75 ne, ka tsaya a santimita 40. Sai ka dandaƙe gefen notin cikin raminsa. Wannan noti shi ke matse boris ɗin taya, shi ya sa ba a sauke mota a tura ta ko taku ɗaya in ba a ɗaure shi ba.

Man giyar da ya zuba ka mayar da irinsa. Ta 2005 T-IV take sha, kuma za ka ga an rubuta a sandar awo. Ana dubawa ne injin yana aiki, ya yi zafi, giya tana P, mota a wuri mai daidai. Tunda ka taɓa tayirod da bol join, in sitiyari ya karkace ko tana ja gefe, a kai ta a saita ƙafa.

Tun wajen ciniki ka yi sharaɗi da mai kaya cewa in shaf ya yi jijjiga ko ƙara za ka dawo da shi, a gaban shaida. Tafiyar farko ka yi ta ba kaya ba iyali, Jega zuwa Birnin Kebbi ta isa. In ka isa, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili ba tare da ka taɓa faifai ba. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, kalifarsa tana riƙewa. Ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon jan mai a bakin giya, ka sake bin notocin taya da sifana, sannan a soka na'ura a ga ko lambar misin ta dawo.